Lamarin mai makulli: shekara 9 a sito, ba ƙari ba sannu

Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan kamfanin ba, dan har yanzu yana can yana aiki, bana son in ja masa. Dama a wajen aikin ma ba kowa ke kiransa da sunansa ba, mai makulli ake ce masa, saboda makullan sito gaba ɗaya a ƙugunsa suke rataye, in yana tafe sai ka ji ƙararsu kafin ka ganshi. Ni lokacin a ofishin akanta nake, ni ke haɗa takardar albashi duk ƙarshen wata, to kunga abinda zan faɗa ba ance kace bane, ta hannuna lambobin ke wucewa. Yanzu na bar wajen. Kuma sai da na tambaye shi kafin in rubuta, yace rubuta mana, kar dai kasa suna.

Kamfanin kayan gyaran injuna yake rarrabawa, a sauke kaya a sito, masu saye su turo oda, a loda musu. An ɗauke shi ne a matsayin mataimakin mai kula da sito. Shekara 2 da zuwansa babban ya ajiye aiki, aka ce masa ya ɗan riƙe kafin a samo wani, to wanin ne har yau ba a samo ba. Shekara 7 yana ɗan riƙewa. A takarda mataimaki ne, albashi na mataimaki, aiki kuwa na babban da na mataimakin duk sun tattaru a kansa, shi zai buɗe shi zai rufe, shi zai ƙirga abinda aka sauke, shi zai sa hannu in mota zata fita, in kaya sun ɓata kuma shi za a fara kira.

Akwai wani ɗan littafi mai baƙin bango da baya rabuwa dashi. A ciki yake rubuta abubuwan da kwamfuta bata sani ba, wane ƙarfe ne zai iya zama madadin wane in na asalin ya ƙare, wane kwastoma ne ke rubuta lamba ba daidai ba kullum amma ga abinda yake nufi, wane mai kawo kaya ne kwalinsa ke zuwa da giɓi sai an buɗe an ƙirga. Ba wanda yasa shi. Ku riƙe maganar littafin nan, zamu dawo kanta.

Yanda yake kai wata

Kar in yi ƙarya, ba wai ba a taɓa masa ƙari ba. Ana yi jefi jefi, irin ƙarin da ake wa kowa. Matsalar ita ce ƙarin baya kamo tsadar kaya, kuma mutane da yawa basa zama su buga lissafin nan. Misali in kayan masarufi suka tashi da kashi 20 cikin 100 a shekara, kai kuma aka ƙara maka kashi 5, a takarda an maka ƙari amma a kasuwa an rage maka kashi 12 da rabi na abinda kuɗinka ke iya saye. Ka jera irin wannan shekara uku huɗu, sai ka ga mutum yana aiki ɗaya a kujera ɗaya amma ya koma baya sosai, kuma ba ranar da zai nuna yace ga ranar da aka rage min. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1970 a yarjejeniyarta mai lamba 131 ta ce in za a tsayar da mafi ƙarancin albashi a duba buƙatun ma'aikaci da iyalinsa da tsadar rayuwa, amma wannan maganar ƙasan ƙasa ce. Mutum irin mai makulli da ya ɗan haura ƙasan kaɗan, ba dokar da ke tilasta a ɗaga nasa.

To ya yake yi? Farko dai yanke yanke. Rabin hanya a ƙafa yake zuwa. Da rana in an fita cin abinci sai yace shi yana da ƙirga, ya kulle kansa a sito, na daɗe ban gane ba wallahi, na ɗauka son aiki ne. Ciwon haƙori ya yi wata da watanni yana danne shi da ƙwaya dan kar ya je asibiti. Kuɗin makarantar yara kashi kashi yake biya, kullum da saura a kansa.

Sai kuma bashin albashi, nan ne ni nake shigowa. Wajen 18 ko 20 ga wata zai leƙo ofis ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da makullai, sai kowa ya fita sannan yace "akanta, wata ya yi nisa fa." In cike masa fom, a bashi wani abu daga albashin da bai zo ba, ƙarshen wata in cire. To abinda aka cire ɗin shi zai sa watan gaba ya ƙare da wuri, sai ya dawo 16 ga wata maimakon 20. Rami ne ake haƙa wani a cike wani, kuma shi ya fi kowa sanin haka, amma in yaro ba lafiya yau ba wanda zai tsaya lissafin watan gobe.

Na uku aikin dare. Yana rubuta wa wasu ƙananan 'yan kasuwa lissafin shige da ficen kayansu bayan ya tashi, sai sha biyu ko ɗaya ya kwanta, asuba ya fito. Na huɗu, wanda ni a ganina shi ya fi riƙe shi, zama da direbobi da 'yan lodi a bayan sito ana zolayar talauci. Wani yace albashinsa kamar baƙon da ya zo sallama ne kawai baya zama, a kwashe da dariya. Kar ku raina dariyar nan, a nan ne kaɗai yake jin ba shi kaɗai bane kuma ba wata kasawa tasa bace. In ka matsa masa da tambaya kuwa amsarsa ɗaya ce, da babu gara ba daɗi, wasu nema suke basu samu ba.

Wani abu da na lura dashi tun kafin in san an yi bincike a kai, kurakuransa na ƙirga, waɗanda dama basu da yawa, kusan duk a kwana goman ƙarshen wata suke faruwa. Daga baya na karanta aikin da su Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir suka fitar a 2013, sun gwada manoman rake sama da 400 a jihar Tamil Nadu ta Indiya da tambayoyin auna kaifin tunani, kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, da bayan girbi lokacin da aka biya su. Mutanen nan dai su ne basu canza ba, amma sun fi ƙoƙari bayan girbi. Bayaninsu shi ne tunanin kuɗi yana cinye wani ɓangare na ƙwaƙwalwa ko mutum baya so. Mai makulli yana ƙirga kusoshi amma rabin kansa na wajen mai gidan haya.

Ga inda nake son a tsaya a duba. Duk dabarun nan, yanke yanke, bashi, aikin dare, dariya, ba ko ɗaya da ta taɓa kamfanin. Duk daga jikinsa da barcinsa da iyalinsa ake cirewa. Daga sama in aka leƙo, abinda ake gani sito ne mai tafiya lafiya lau da ma'aikaci mai zuwa a kan lokaci wanda bai taɓa ƙorafi ba. Iya jurewarsa ita ta zama hujjar cewa albashin na isarsa. Na taɓa ji da kunnena manaja na cewa ai wancan ba shi da matsala.

Rashin sannu

Aikin sito irin aikin nan ne da in an yi shi da kyau ba a ganinsa. Ba wanda zai kira miting dan yau kaya basu ɓata ba. Masu tallan kaya su ake tafa wa, su ke da bonas, su ake ɗauka hoto ƙarshen shekara, alhali odar da suke alfahari an kai a kan lokaci shi ya tsaya har dare ya haɗa ta. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Manajan ba mugu bane, gara in faɗi wannan. Bai taɓa zaginsa ba. Kawai dai baya ganinsa ne. Zai shigo sito yana waya, ya miƙa hannu a bashi takarda, ya sa hannu bai duba ba ya fita. Rahoton wata wata da mai makulli ke ɓata dare biyu yana haɗawa, har da shawarwari a shafin ƙarshe, ni na san inda yake ƙarewa, cikin wani fayil ne a bayan kujerata, ba a taɓa buɗe ko ɗaya ba. Akwai gwajin da Dan Ariely da abokan aikinsa suka yi aka buga a 2008, ɗalibai aka ba takardu su nemo wasu haruffa ana biyansu, kuɗin na raguwa da kowace takarda. Rukuni ɗaya in sun miƙa sai a duba a gyaɗa kai, rukuni na biyu a karɓa a ajiye ba a ko kalla ba, na uku a jefa a injin yayyaga takarda a gabansu. Waɗanda aka duba nasu sun yi wajen takarda 9 kafin su haƙura, sauran biyun tsakanin 6 da 7 suka tsaya. Wato wanda aka share da wanda aka yaga masa aiki a gabansa kusan ɗaya suke. Da na karanta sai fayil ɗin bayan kujerata ya faɗo min a rai.

Amma duk da haka bai fasa ba, shekara da shekaru. Abinda ya karya shi daban ne.

Takardar da aka manta a firinta

Kamfani ya sayo sabuwar manhajar lissafin kaya, aka ɗauko wani yaro mai digiri ya kula da ita, aka bashi muƙami mai dogon suna aka ajiye shi a sito. Yaron kirki ne, ba ruwansa, Baba yake ce wa mai makulli. Ya iya kwamfuta amma bai san kayan ba ko kaɗan, in ka ajiye masa ƙarfe biyu bazai bambance su ba. Wata huɗu mai makulli na koya masa, har littafin baƙin bango ya buɗe masa yana kwafa yana zubawa a manhajar.

Albashin yaron ya kusa ninka nasa. Ni na sani tun ranar farko tunda ni na shigar dashi, kuma na yi shiru, dan a ƙa'idar ofis ba a faɗin albashin wani. Har yau abun na damuna, ina kallonsa yana koyarwa da zuciya ɗaya ina sane. Dalilin bambancin ba wani ɓoyayyen abu bane, sabon ɗauka da farashin kasuwar yau ake ɗaukarsa dan in ba haka ba bazai zo ba, tsohon ma'aikaci kuma ana ɗora masa 'yan ƙare ƙare ne a kan farashin shekarar da ya shigo. Wanda ya zauna shi ke biyan kuɗin zamansa. Ba a kamfaninmu kaɗai ake haka ba.

Ranar da ya gani, yaron ne ya buga takardar albashinsa zai kai banki ya manta ta a firintar sito. Mai makulli ya ɗauka ya duba ta waye dan ya mayar masa. Da yamma ya shigo ofis, wannan karon bai tsaya a ƙofa ba, ya zauna, yace "akanta, ka sani?" Nace na sani Malam. Ya daɗe bai ce komai ba sannan yace "ni ba kuɗin yaron nake hassada ba, Allah ya ƙara masa. Ashe dai akwai kuɗin." Dan duk lokacin da ya ɗan taɓo maganar ƙari a baya, amsar ita ce kamfani ba kuɗi, a ƙara haƙuri.

Ku lura albashinsa bai ragu da ko sisi ba a ranar. Abinda ya isa jiya a daddafe shi ne dai yau. Abinda ya canza shi ne labarin da yake ba kansa, da yana ganin ana cikin wahala ne tare, yanzu ya gane an auna shi ne aka sa masa wannan kuɗin. Tun 1963 wani masani J. Stacy Adams ya yi bayanin cewa ma'aikaci ba albashinsa kaɗai yake kallo ba, yana auna abinda ya zuba da abinda ya samu ne ya gwada da na kusa dashi, in ya ga an tauye shi to zai nemi hanyar daidaita sikelin ko ta halin ƙaƙa. An ga haka ƙarara a Jami'ar Kalifoniya, bayan wata jarida ta saka albashin ma'aikatan jihar a intanet a 2008, su David Card suka bi diddigi, waɗanda suka gano suna ƙasa da tsakiyar sashensu jin daɗin aikinsu ya ragu suka fara neman wani wajen, waɗanda suka gano suna sama kuwa ba wani ƙarin daɗi da suka ji. A Indiya ma su Emily Breza sun gwada da ma'aikatan ƙananan masana'antu, inda aka bambanta albashi ba tare da dalilin da ido ke gani ba aiki ya ragu, zuwa aikin ma ya ragu, amma inda kowa ke ganin wane ya fi wane ƙoƙari bambancin bai kawo matsala ba. To a sitonmu wa ido ke gani ya fi sanin aiki? Mai koyarwa ko wanda ake koya wa?

Wasu zasu ce ai shi yasa ake ɓoye albashi. Ni kuma nace ɓoyewar ce ta bari giɓin ya kai haka ba wanda ya tanka. A Amurka dokar ƙwadago ta 1935 ta kare yawancin ma'aikatan kamfanoni su tattauna albashinsu a tsakaninsu, Tarayyar Turai ma a 2023 ta fitar da dokar bayyana albashi wadda ta hana a ɗaure bakin ma'aikaci a kan nasa. Ba banza suka yi ba.

Bayan nan

Bai yi faɗa ba, bai yi yaji ba. Littafin baƙin bango kawai ya mayar gida. Ya koma zuwa daidai lokaci, tashi daidai lokaci. In kwastoma ya rubuto lamba ba daidai ba, abinda aka rubuta shi zai bayar. In kaya ya ƙare kwamfuta tace babu, shima yace babu, alhali ya san madadinsa na nan a kanta ta uku. Rahoton wata ya koma shafi ɗaya. Wayarsa bayan tashi a kashe. Ba doka ko ɗaya da ya karya, abinda ke cikin takardar ɗaukarsa a matsayin mataimaki shi yake yi cif cif. A 2022 an yi ta yayata irin wannan a TikTok kamar wani sabon abu, alhali tun da aka fara aikin albashi ake yinsa. Albert Hirschman a 1970 ya kasa abinda mutum ke yi in wuri ya lalace masa gida uku, ko ya fita, ko ya yi magana, ko ya zauna da biyayya, daga baya wasu masana suka ƙara na huɗu, ya zauna amma ya saki. Mai makulli ya yi shekara 7 a biyayya, yanzu ya shiga saki.

Kuma sakin bai masa daɗi ba, wannan ne mutane basa faɗa. Mutum ne mai son aikinsa, ganin an loda kayan da ya san za a dawo dasu yana ci masa rai, ya gaya min wani lokacin sai ya juya baya dan kar ya gani. Barci ya ƙaurace masa, aka auna shi aka ce jininsa ya hau. Ba zan ce aikin kaɗai ya jawo ba, ni ba likita bane, amma Johannes Siegrist, wani masani a Jamus, tun 1996 yake nuna cewa zuba ƙoƙari mai yawa ana samun sakamako kaɗan, kuma a sakamakon ya haɗa kuɗi da girmamawa da damar ci gaba, yana da alaƙa da ciwon zuciya. Binciken Whitehall na biyu da aka fara a 1985 kan ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a Landan shima ya ga na ƙasa sun fi na sama kamuwa, musamman waɗanda basu da ta cewa a kan aikinsu.

A wannan tsakanin ne wani direba ya kawo masa tayi. Kwali ɗaya a rubuta ya lalace a hanya, a fitar a raba, ai haƙƙinka ne kake karɓa. Yace min ya kwana biyu yana juya maganar, kuma abinda ya bashi tsoro shi ne yanda ta zauna masa daidai a kai, shi da a da ko biro baya fita dashi. Bai yi ba. Amma ban ga laifin faɗin cewa ya yi tunanin ba, dan an san hanyar nan. Jerald Greenberg ya buga bincike a 1990 kan wasu masana'antu a Amurka da aka rage wa ma'aikata kashi 15 cikin 100 na albashi na tsawon sati 10, sata ta ƙaru, amma a masana'antar da shugabanni suka zauna suka yi cikakken bayani cikin mutunci ƙaruwar bata kai ta inda aka sanar a tsaitsaye aka wuce ba. Ragin ɗaya ne, yanda aka yi magana ne ya bambanta.

Wata uku ana haka kaya suka fara dawowa, kwastomomi na ƙorafi. Karo na farko a shekara 9 aka kira miting a kan sito. Kun san me aka ce? Wai mai makulli ya fara lalaci, ko tsufa ne. Aikin da ba a taɓa gani ba lokacin da ake yinsa, rashinsa aka gani, shima aka rubuta a matsayin laifi. Har takardar gargaɗi aka so bashi, aka rasa me za a rubuta a ciki.

Ni na matsa masa ya yi magana, wataƙila dan in rage nauyin shirun da na yi. Da farko ya ƙi, yace shi bazai je yana roƙo ba, wanda bai gani da idonsa ba ai ba zai gani da bakina ba. Na fahimce shi amma ban yarda dashi ba. Shekara 7 yana jira a lura, kuma ba wanda aikinsa ne ya lura, manaja abinda ke ƙara yake bi. Muka zauna dare biyu muka fitar da abubuwa daga littafin, ba maganar ina da iyali ko kaya sun yi tsada, wannan kowa ma zai faɗa. Muka jera aikin da takardarsa ta ce da aikin da yake yi a zahiri, sau nawa ya kama giɓi a kayan da aka kawo, odar da ya ceto da madadi, watannin da ya yi yana koyarwa. Buƙata biyu ya rubuta, a tabbatar masa da muƙamin da yake riƙe, a biya shi albashin muƙamin.

Ya shiga ya ce "yallabai ina da magana in an bani minti goma." Manaja ya karanta har ƙarshe, abinda ni kaina ban zata ba, ya ɗago yace shi wallahi bai san duk wannan na kansa ba. Na yarda bai sani ba, kuma wannan ai shi ne ciwon. Yace zai kai sama. Wata biyu shiru.

Abinda ya motsa su takarda ce daga wani kamfani. Ya je intabiyu a ɓoye suka ɗauke shi da ɗan ƙari, sai dai da muka buga lissafi kuɗin mota zuwa can zai cinye ƙarin, ga wata shida na gwaji da za a iya sallamarsa ba komai, ga bashin albashi da sai ya biya kafin ya tafi, ga aikin darensa da nisa zai kashe. Gaba kura baya siyaki. Masu cewa in ba a biyanka ka tafi mana, su dinga tuna tafiyar ma kuɗi take ci, kuma wanda aka fi tauyewa shi ne wanda bashi da abin da zai riƙe kansa ko na wata ɗaya. Bai da niyyar tafiya, amma ya ajiye takardar a teburin manaja. Kwana huɗu aka kira shi. Abinda hujja shafi uku bata yi ba a wata biyu.

Bai ji daɗin hakan ba ko kaɗan, yace min wato sai da wani ya taya sannan suka san kayan na da daraja. An masa ƙari, wajen rabin tazarar da ke tsakaninsa da yaron. Ya daina zuwa karɓar bashi sai jefi jefi, ya rage aikin dare zuwa kwana uku a sati, ya je an cire haƙorin. Manaja yanzu yana gaishe shi da sunansa. Wayar dai har yanzu a kashe take bayan tashi, littafin kuma yana zuwa dashi amma a aljihunsa yake, ba ya barinsa a kan tebur.

Ni na shigar da ƙarin kafin in bar wajen, dan haka na ga yanda aka rubuta shi. Ba a kan ainihin albashi aka ɗora ba, alawus na riƙon muƙami aka kira shi, wanda baya shiga lissafin fansho ko kuɗin sallama kuma ana iya janye shi duk ranar da aka naɗa wani. A takarda har yanzu mataimaki ne. Na nuna masa layin da yatsa, ya karanta sau biyu, ya tambayi manaja, aka ce za a duba maganar muƙamin in an zo bitar ƙarshen shekara. Da muka yi waya satin da ya wuce yace an ɗaga bitar zuwa bayan odita.